Awa ɗaya ta lantarki ga jijiyar da ta tsinke

Jijiyar da ke kai saƙo zuwa hannu, idan ta tsinke, tana iya sake tsirowa, amma a hankali ƙwarai: kusan milimita ɗaya a rana. Kafin ta isa yatsu daga kafaɗa, watanni sun shuɗe, naman hannun ya fara shanyewa.

A Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, Farfesa Tessa Gordon da abokan aikinta sun nuna a shekarar 2000 cewa idan aka ba jijiyar da aka ɗinke wutar lantarki 'yar kaɗan, bugu 20 a kowace daƙiƙa, na awa ɗaya kacal, zaruruwanta kan tsallake wurin ɗinkin da wuri. A kan ɓeraye aka fara. A 2010 suka gwada a kan mutanen da aka yi wa tiyatar jijiyar wuyan hannu, aka kuma ga ci gaba.

Sai dai lantarkin ba ya maye gurbin ɗinki. Wanda ya faɗi daga babur hannunsa ya saki, kada a tsaya ga ɗori da shafe-shafe. Don Allah ku kai shi wurin likitan tiyata tun da wuri.