Gigin Tsufa Ciwo Ne: Yadda Likita Yake Gane Shi

(Jawabin da 'yan'uwa ma'aikatan lafiya suka gabatar wa dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata)

 Maganar da muka kawo yau ta shafi tsofaffinmu. A ikkilisiyoyinmu akwai Baba wanda ya yi shekaru yana zuwa sujada, yanzu kuwa yakan ɓace a hanyar komawa gida. Akwai Mama da takan ɓoye kuɗinta ta manta, sa'an nan ta ce surukarta ce ta ɗauke. Mukan ce gigin tsufa ne, mu yi shiru. Abin baƙin ciki, idan tsohuwa ta fita da dare tana surutai, wasu sukan ce mayya ce, har a guje ta ko a doke ta.

Likitoci suna kiran wannan hali dimenshiya, wato cutar mantuwa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba kuma kowane tsoho ne yake kamuwa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Yawancinsu cutar Alzheimer ce, wadda ta ɗauki sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Mai bi mata ita ce wadda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa take kawowa, musamman ga masu hawan jini da waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki.

Ina bambancinta da mantuwar yau da kullum? Kowa yakan manta sunan baƙo, daga baya ya tuna. Amma idan macen da ta tsufa tana tuƙa tuwo ta kasa bin yadda ake yinsa, ko dattijo ya maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, ko ya kasa lissafin canji a kasuwa, abin kuma yana ƙaruwa wata da watanni, to lokacin ganin likita ya yi.

Ga yadda likita yake bincike. Na ɗaya, yakan saurari labari. Shi mara lafiyan sau da yawa bai san yana mantuwa ba, don haka dole wanda yake kwana yake tashi da shi ya raka shi. Likita zai tambaya: yaushe abin ya fara? A hankali ne ko farat ɗaya? Halinsa ya canja? Ya taɓa faɗuwa ya bugi kansa? Ku tafi da dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, kada ku ɓoye kome saboda kunya.

Na biyu, yakan gwada tunani da tambayoyi: wace rana ce yau, ina muke, maimaita kalmomi uku, ka tuna da su bayan ɗan lokaci. Gwajin da aka fi sani yana da maki 30, amma yakan kayar da wanda bai yi boko ba ko da lafiyarsa lau. Saboda haka ku gaya wa likita iyakar karatun tsohonku. Masu bincike a Ibadan sun yi amfani da wani gwaji inda ake jera tsinken ashana 4 maimakon zane da biro.

Na uku, gwajin jini da fitsari, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa. A nan muke roƙo ku saurara da kyau, gama akwai cututtukan da suke kama da gigin tsufa amma suna da magani: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroid, taruwar jini a cikin kai bayan faɗuwa, da baƙin ciki mai tsanani, irin wanda yakan kama gwauruwa bayan rasuwar mijinta. Idan kuwa tsoho ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, wataƙila zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari. A kai shi asibiti a ranar.

Idan bincike ya tabbatar da cutar Alzheimer, har yanzu babu maganin da yake warkar da ita, sai dai akwai irin su donepezil da sukan rage alamunta na ɗan lokaci. Kula da hawan jini, sukari, ji da gani shi ma yana taimakawa. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa na Jos, Shika da Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Dattawa, roƙonmu uku ne. Idan aka kawo muku ƙarar maita a kan tsoho, ku fara tambaya ko likita ya duba shi. Idan kun je yi masa addu'a, ku taimaka da kuɗin mota zuwa asibiti. Ku kuma tuna da 'yar ko surukar da take jinya dare da rana. Zumuntar Mata ta tsara masu karɓarta ko da yini ɗaya a mako. Kada a daina kawo Baba sujada, gama sau da yawa waƙoƙin da ya koya tun yana yaro suna nan a bakinsa bayan sunaye sun ɓace masa.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikimar riƙon iyayenmu. Amin.