Gwarzo da Azzalumi a Littattafan Ƙin Mulkin Mallaka: Daga Manila Zuwa Maijirgi



Maganar da za mu tattauna yau ita ce yadda marubuta ke zana gwarzo da azzalumi cikin littattafan da suka yaƙi mulkin mallaka. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin a nan ƙasar Tasawa aka rufe wani babi mai muni na shigowar Faransawa, kuma har gobe ana muhawara a kan wanda ya cancanci yabo da wanda ya cancanci tofin Allah tsine.

Bari mu fara da nesa. A ƙasar Filifin, wadda Sifaniyawa suka mallaka sama da shekara 300, wani likita mai suna Hose Rizal ya wallafa Noli Me Tangere a 1887, ya biyo shi da El Filibusterismo a 1891. Azzalumin littafi na farko shi ne Fada Damaso, limamin coci mai girman kai da ya mai da addini sandar dukan talaka. Gwarzon kuwa Ibara ne, saurayin da ya dawo daga Turai da burin gina makaranta, aka ƙulla masa sharri. A littafi na biyu ya sake dawowa da sunan Simun, attajiri mai cike da ƙullaci, ya shirya ɗaukar fansa da wuta, shirin ya wargaje, ya sha guba. Rizal bai bar ƴan ƙasarsa ba: ya zana attajiri mai fadanci ga Turawa, da macen da ke ƙyamar asalinta. Ashe ya gane cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sifaniyawa sun harbe shi a Manila ran 30 ga Disamba 1896, kuma tun 1956 doka ta wajabta karantar da littattafansa a makarantun ƙasar.

Mu ma muna da namu. A 1980 Abdullahi Mamani, ɗan Gudumariya kuma jigo a jam'iyyar Sawaba, ya wallafa Sarraounia da Faransanci. Ya ɗauko labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa, wadda jama'arta suka tari rundunar Kaftin Bule da Shanuwan a watan Afrilu 1899. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Kamar Rizal, Mamani bai taƙaita laifi ga baƙo ba. Ya nuna sarakunan da suka juya wa Sarauniya baya don ita ba'azna ce, da waɗanda suka ga zuwan Nasara dama ce ta cin maƙwabci.

To amma, jama'a, littafi daban, tarihi daban. Rahotannin Faransawa sun ambaci yaƙin Lugu a taƙaice ne, kuma a can Lugu sarautar Sarauniya ta fi jiɓintar tsafi da kare ƙasa bisa ga riƙe baka da kibiya. Mamani ne ya ɗaura mata takobi, ya ba ta muryar mai haɗa kan ƙabilu, domin ƙasar da ta sami ƴanci a 1960 tana ƙishin gwarzon da kowa zai ce nasa ne. Wannan aikin marubuci ne, kuma ya yi shi da kyau. Namu aikin shi ne mu san inda ƙirƙira ta tsaya.

Ga abin da ya faru a ƙasarmu. Bayan rundunar ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta nauso gabas tana kashe-kashe da kama bayi, har ta yi ta'asa a Koran Kalgo, inda aka hallaka mata da yara. Faris ta aiko Kanar Kulob ya karɓe jagoranci. Ran 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Bule ya sa aka harbe shi, sannan ya shaida wa mutanensa cewa ya bar Faransa, zai kafa daularsa. Kwana biyu bayan haka sojojinsa baƙar fata suka yi tawaye suka kashe Shanuwan, washegari suka kashe Bule. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ina tambayar ku, su waɗannan sojoji gwaraza ne ko azzalumai? Hannuwan da suka harbe Bule su ne suka cinna wa garuruwa wuta. Abin da ya tunzura su shi ne jin cewa ba za su sake ganin gida ba. Kuma da suka gama, sai suka bi Paliye da Jowalan suka ci Damagaram a ƙarshen watan nan na Yuli, wasunsu suka kai har Kusiri, inda aka kashe Rabe a 1900. Faransa ta ce zafin rana ne ya haukata jami'anta biyu, ta rufe bincike, amma ba ta mayar da taƙi ɗaya na ƙasar da suka ci mata ba. An tsine wa ɓarawo, an riƙe kayan sata.

Wannan shi ne haɗarin tara dukkan mugunta a kan mutum ɗaya: tsarin da ya aiko shi sai ya wanke hannu. Haka nan tara dukkan jarumta a kan mutum ɗaya yakan shafe sunan talakawa, wato ƴan dakon da suka mutu a hanya, da matan da aka kora kamar dabbobi, da manoman da aka ƙone wa rumbu gab da damina. Mun san inda masu kisa suke kwance, amma wa ya rubuta sunayen waɗanda aka kashe?

Kada kuma mu manta cewa Mamani kansa ya yi gudun hijira bayan an haramta Sawaba a 1959, da ya dawo gida gwamnatin Kunce ta ɗaure shi. Ƴan ƙasa ne suka kulle marubucin da ya ba ƙasa gwarzuwarta. Saboda haka duk mai mulki ko mai neman mulki da ya zo muku da sunan Sarauniya a baki, ku auna shi da yadda yake riƙon talaka da mai faɗa masa gaskiya.

Roƙona ga malamai da ƴan makaranta shi ne, ku je wurin dattawan Tasawa da Mayahi, ku rubuta da Hausa abin da suka ji daga kakanninsu, gari da gari, kafin ƙasa ta rufe shi. Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta, ya ba mu shugabanni masu adalci.