Maƙoƙo da Gishirin Miyarmu

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata na unguwar Gangare, waɗanda na san a daidai wannan lokaci rediyo na gefe, tukunya na kan wuta.

Duk wanda ya tashi a garin nan na Jos ya haura shekara arba'in zai tuna yadda ake yawan ganin mata masu maƙoƙo a kasuwa. Wata ta naɗe wuya da gyale ko da zafi ake yi, wata kuwa kumburin ya fi ƙarfin ɓoyewa. Ana cewa ruwan rijiya ne, ana cewa jifa ne, har ana kai mutum wurin wanzami ya yi masa tsaga a wuya. Alhali mafi yawan wannan kumburi daga rashin abu guda yake a cikin abinci, wato sinadarin aidin.

Tun kafin mu yi nisa, ba aidin ɗin da ake shafa wa ciwo a kemis nake nufi a sha ba. Asalin sinadarin ɗaya ne, amma na kwalba magani ne na fata, shan sa guba ne. Wanda jiki ke buƙata ta abinci yake shiga, kuma ɗan mitsitsi ne.

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, likitoci na kiran ta tayirod. Da aidin take haɗa ruwan da ke daidaita ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro, da ginin ƙwaƙwalwa. In aidin ya yi ƙaranci sai ta yi ta faɗaɗa don ta kamo ɗan abin da ke yawo cikin jini. Wannan faɗaɗar ita ce maƙoƙo.

To me ya sa mu mutanen Filato abin ya fi shafa? Gidan aidin teku ne. Mu kuwa muna kan tudu, mita kusan 1,200 sama da teku, ga nisa, ga ruwan sama mai yawa da ya daɗe yana wanke ƙasa yana gangarawa da sinadarin. Ƙasar da ta ba kakanninmu kuza ba ta da wadataccen aidin da za ta ba masara da acca da dankali. Malaman Jami'ar Jos, irin su Farfesa Isichei, sun yi bincike a kan maƙoƙo a ƙauyukan Filato, suka buga sakamakonsa a 1995. Haka mutanen duwatsun Suwizalan suka sha fama, har suka fara zuba aidin a gishiri a 1922. Najeriya ta wajabta hakan a 1993, lokacin da aka ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar na 'yan makaranta yana da kumburin wuya. Daga nan abin ya ja baya sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne, da muka daina ganin maƙoƙo a titi sai muka saki jiki. Maƙoƙo ai shi ne ɓangaren da ido ke gani. Ɓarna mafi girma a cikin mahaifa take faruwa. Jariri a watannin farko na ciki da ruwan tayirod na uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. In uwa ba ta samu isasshe ba, ana iya yin ɓari, ana iya haihuwar yaro da rashin ji ko tsumburewa, ko kuma a haife shi lafiya lau a ido, sai an kai shi makaranta a ga karatu ba ya zama. A yi ta dukan yaro ana ce masa daƙiƙi, ba laifinsa ba. Kuma abin da aka rasa a wannan lokaci ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Maigida, wannan magana taka ce, domin kai ke ba da kuɗin cefane.

Ina ake samun sa? Farko gishiri. Uwargida, ki sayi wanda ke cikin ledarsa ta kamfani, mai lambar NAFDAC, wanda aka rubuta an sa masa aidin. Na san na awo ya fi araha, musamman a wannan tsadar rayuwa. Amma gishirin da ya wuni a buɗe cikin faranti, rana ta buge shi, raɓa ta sauka masa, aidin ɗinsa raguwa yake yi. Wani ma daga buhun gishirin dabbobi ko na masana'antu aka ɗebo shi. Manda da balma, da gishirin gargajiya irin na Keana da Awe, suna da tarihinsu da ɗanɗanonsu, sai dai ba a ƙara musu aidin ba. Kanwa ma ba ta maye gurbi. In kin kawo gida, ki juye a roba ko kwalba mai murfi, nesa da murhu, kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. In da hali, ki zuba shi lokacin da miya ta kusa sauka.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce a ƙara yawan gishiri ba. Hawan jini ya cika gidajenmu. Abin da ake so babba ya ci a yini, har da na dunƙulen magi da na burodi, kada ya wuce giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mai aidin ɗin ake nema, kaɗan ya wadatar.

Sai kifin teku: kifin ƙanƙara irin su taitus da fanla da ake sayarwa a kasuwar Taminus, da kifin gwangwani, da kirafish da ake daka wa miya. Tarwaɗa da karfasa abinci ne masu kyau, amma na ruwan daɗi ne, aidin ɗinsu bai kai na teku ba. Ƙwai na taimakawa, musamman gwaiduwa, haka madara da nono, gwargwadon abin da saniyar ta ci.

Akwai masu tambaya game da kabeji, tunda kasuwar Farin Gada cike take da shi. Gaskiya ne kabeji da gero da rogo suna da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod amfani da aidin. Amma ga wanda ke samun aidin isasshe, kabejinsa da furarsa ba za su cutar da shi ba. Rogo mai ɗaci ne ke buƙatar kula: a jiƙa shi sosai, a bar shi ya yi tsami, a shanya ya bushe kafin a ci.

Wanda kuma ya riga ya ga kumburi a wuyansa, kada ya ce zai yi maganinsa da gishiri. Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wani tayirod ɗin ce ke aiki fiye da kima, za ka ga mutum yana ramewa alhali yana ci, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, ido ya firfito. Irin wannan mutumin, ƙarin aidin na iya tsananta masa ciwon. Wani kuma ƙari ne da sai an duba. A je asibitin unguwa, in ta kama su tura mutum Asibitin Ƙwararru na Filato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a yi gwajin jini da hoton wuya. In kumburin na girma da sauri, ko murya ta dushe, ko haɗiya da numfashi na wahala, kada a jira sati ya zagayo.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya. Wassalamu alaikum.