Doki ko Inji a Dajin Katako?

A dazuzzukan Ardennes na ƙasar Beljiyam har yau akwai masu jan gungume da doki, kuma ba ƙauyanci ba ne. Babbar motar kwasar itace in ta yi lodi takan haura tan 20. Tayoyinta su danne ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ya kasa ratsawa, saiwoyi su shaƙe. Doki kuwa sai ya bi 'yar siririyar hanya tsakanin bishiyoyi, ɓarnarsa kaɗan.

Sai dai fa kullum sai ya ci, ko da aiki ko babu, kuma abin da inji zai kwashe kafin azahar shi sai ya yi kwanaki yana ja. Duk da haka, ga mai ƙaramin daji a kan gangare, doki ya fi dacewa.