Asirin Mai Neman Taimako Amana Ne

Jawabi ga ma'aikatan ƙungiyoyin taimakon jama'a a Maiduguri



Tun daga 2009, sa'ad da fitina ta ɓarke a garin nan, ƙungiyoyi suka yi ta rubuta sunayen bayin Allah a littattafai: a sansanin Bakassi, da na Dalori, har zuwa ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024. An rufe Bakassi a 1 ga wata ko a ƙarshensa, ba shi ne abin tambaya ba. Tun 2021 aka rufe shi. Abin tambaya shi ne, ina littattafan, kuma makullinsu yana hannun wa?

Ku dubi mace wadda ta kuɓuto daga daji da ɗa a goye. Ta zauna gabanki, ta faɗa miki abin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Idan kika ba ƙawarki labarin a hanya, ko da don tausayi ne, to, kafin la'asar ya kai Kasuwar Litinin. Daga nan sai maƙwabta su janye 'ya'yansu, a laƙa wa yaron sunan da zai bi shi har girma. Waɗanda suka ga abin da ya same ta kuwa, ba za su ƙara taka ƙofarku ba, ko da ciwo zai kashe su.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa labarin lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu, ta kuma wajabta sanar da Hukuma cikin sa'a 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta cuci masu su. Kada wani ya ce kwamfuta ta isa garkuwa: a Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bayyana cewa an yi mata kutse, aka kai ga bayanan mutum fiye da 515,000.

Amma a ganina, baki ya fi na'ura ɓarna. Kada a yi wa mutum tambaya a gaban masu jiran layi. A lura da tafinta ƙwarai, domin mai juya Barbarci ko Larabcin Shuwa zuwa Hausa sau da yawa maƙwabcin mai maganar ne. A tambaye ta ko ta yarda da shi. Kada a ɗauki hoto sai da izini. In Bulama ya nemi sunaye, a ba shi haƙuri cikin ladabi, a gaya masa adadi kawai.

Akwai inda ya halatta a yi magana, watau idan rai yana cikin haɗari, ko kotu ta ba da umurni. Wannan kuwa tun kafin ta buɗe baki za ku shaida mata, don ta san iyakar alkawarin da kuka ɗauka.

Wassalam.