HANNUN ƊAN GAYA BA NA INJI BA NE: HAƘƘIN DIYYAR MA'AIKACI

 

Tarihi ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka je Dutsen Dala neman tama, har Kano ta kafu. Ashe mu jikokin masu cin abinci da hannu ne. Shi ya sa na zaɓi in yi magana kan hannu.

Samarinmu da dama suna neman halaliyarsu a harkar nama: wasu a Abbatuwa ta Ƙofar Mazugal, wasu a mayankar Oko-Oba ta Agege a Ikko, wasu a shagunan naman sanyi. A da, wuƙa da gatari ne kayan fawa. Yau ga injin niƙa nama, ga zarton lantarki mai yanka ƙashi. Zarton da ke raba ƙashin sa bai san bambancinsa da yatsan mutum ba. Galibi haɗarin yakan auku idan an cire murfin kariya don sauri, ko an tura nama da hannu maimakon sanda, ko ana wanke inji ba a kashe shi ba, wutar da aka ɗauke ta dawo ba sallama.

In abin ya faru, sai a ce ƙaddara, maigida ya biya kuɗin ɗinki, yaro ya dawo ƙauye da dungu. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta goge haƙƙi. Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta yanka wa kowane yatsa diyyar raƙuma 10, hannu ɗaya kuwa rabin diyyar rai. Addininmu bai ɗauki gaɓar mutum da arha ba.

Dokar ƙasa ma ta yi tanadi. A Disambar 2010 aka sa hannu kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987, aka ɗora gudanar da ita a wuyan hukumar NSITF. Mai wurin aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, kuma an hana shi cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da lebura na wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ba sai an tabbatar da laifin maigida ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Akwai kuma magani, da hannun roba, da koyon wata sana'a.

Sai dai akwai wa'adi. Ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Wanda aka zalunta yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Duk yarjejeniyar da aka sa yaro ya dangwala cewa ya yafe diyyarsa, doka ba ta san da ita ba.

Idan yatsa ya guntule, a danne jini, a naɗe guntun cikin tsumma mai tsabta da danshi, a ɗaure cikin leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a garzaya Asibitin Ƙashi na Dala. A adana kowace takardar asibiti.

Roƙona ga ƙungiya: kowane reshe ya rubuta sunayen yaranmu da wuraren aikinsu, lauyoyinmu da likitocinmu su kafa kwamiti, 'yan kasuwarmu kuma su fara yi wa nasu ma'aikatan rajista, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya tsare mana gaɓoɓinmu, ya albarkaci nemanmu.