Jariri Mai Ƙiwuya



Jariri ya kai wata bakwai ko takwas, baƙo ya miƙa hannu zai ɗauke shi, sai ya tsandara kuka ya ƙanƙame zanen uwarsa. Nan take a ce goyo ya sangarta shi. A ganina ba a yi wa yaron da uwar adalci ba. Ƙiwuya alama ce ta ya fara gane nasa, ya kuma san inda zai fake idan ya tsorata.

A shekarar 1954 masaniyar halayyar ɗan Adam, Mary Ainsworth, ta je Yuganda, ta riƙa shiga gidaje a ƙauyukan kusa da Kampala tana kallon iyaye mata da jariransu. Ta lura cewa yaron da uwarsa ke gane buƙatarsa, ta amsa kukansa a kan lokaci, shi ya fi sakin jiki: ya rarrafa ya yi nisa, ya waigo ya ga tana nan, ya ci gaba da wasansa.

Kuma ba sai uwa kaɗai ba. Wani bincike a ƙasar Hausa, wanda aka wallafa a 1977, ya nuna jariri kan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, kodayake akwai wadda ya fi natsuwa a hannunta, yawanci mai yawan ɗaukarsa. Ga kuma kunyar ɗan fari da muka sani, inda sau da yawa goyo da lallashi a hannun kaka suke, uwa kuwa ta ba da nono ta kau da kai.